Launi Yana Ƙarƙashin Ƙafarka: Yadda Ake Haɗa Fenti da Ƙasa a Yi Zane a Fili

Duk yaron da ya zo wurina koyon zane, tambayarsa ta farko ita ce, "Malam, wane fenti zan saya?" Kafin in amsa ya zaro waya, ya nuna mini hoton wani dutse mai ƙanƙara a Turai, ya ce shi yake so ya kwaikwaya. Na daɗe ina amsa wannan tambaya baki da baki, sabbin zuwa kuma suna ta faɗawa ramukan da na baya suka faɗa: a kashe kuɗi kan kayan da ba a san amfaninsu ba, a kwafi hoto ba a taɓa tsayawa an dubi bishiya ba, a dama launuka har su koma laka. Wanda ya ji labarin fentin ƙasa kuwa sai ya daka ta a turmin girki. Wannan na ƙarshen ne ya sa na ɗauki alƙalami, domin yana iya kashe mutum.

In aka ce Mararaba, abin da ke zuwa wa mutane shi ne cunkoson hanyar Abuja zuwa Keffi, da hayaƙi, da hayaniyar 'yan acaɓa. Gaskiya ne. Muna cikin Ƙaramar Hukumar Karu ta Jihar Nasarawa, muna kwana a nan, rabinmu na wuni a Abuja. Amma ka hau gadar masu tafiya a ƙasa da sassafe ka ɗaga kai sama da rufin kwanon gidaje, za ka ga duwatsu sun yi mana ƙawanya. Ka sunkuya ka dubi inda ruwa ya zaizaye gefen hanya, za ka ga ja da rawaya da fari sun kwanta hawa-hawa. Irin wannan ƙasa ce Ladi Kwali, wadda hotonta ke bayan takardar naira 20, ta tashi tana ginin tukwane da ita, kafin a 1954 ta shiga cibiyar koyon tukwane da Michael Cardew ya kafa a tsohuwar Abuja, Suleja ta yanzu. Zanen shanu da ke jikin duwatsun Birnin Kudu, da ba a san adadin ƙarnonin da ya yi ba, har yau janshi na nan. Launin ƙasa ba ya gudun rana.

Kayan da za ka tanada

Na fita: takalmi rufaffe, hula, gorar ruwan sha, ƙananan leda goma, tsohon cokali, fensir, ƙaramin littafi mara layi, da guntun kwali da ka yanke tagar da ba ta fi akwatin ashana biyu ba a tsakiyarsa.

Na gida: bokiti biyu, rariya, ƙyalle mai laushi na tacewa, ƙaramin turmi da ba zai ƙara shiga madafa ba, faifan tayil ko guntun dutsen girenait daga masu sayar da kayan gini, kwalba mai shafaffen gindi, murafen kwalba na zuba launi, da takunkumi. Sai ƙaro, irin wanda almajirai ke haɗa tawada da shi, da zuma kaɗan, da kanumfari.

Na zane: buroshi biyu sun isa, babba da ƙarami. Takarda ce kaɗai nake cewa kada a yi mata rowa. Ka nemi mai kauri ta zanen ruwa, wadda aka rubuta 300 a jikin kwalinta. Takardar hoton kwafi tana jin ruwa take kumbura ta yage. In aljihu bai kai ba, kwalin da ake naɗe sabuwar riga da shi ya fi ta.

Mataki na 1: Tafiya da baki rufe

A fita bayan sallar Asuba, a isa fili kafin ƙarfe 7. Hasken safiya yana zuwa daga gefe, yana ba kowane abu inuwa mai tsawo, a nan ake ganin surar dutse da kwarinsa. Da rana ta take, komai ya baje. Wajen hanyar Karshi da bayan garin Karu akwai tuddai da gonaki, haka in ka nausa ta Gurku.

Minti 20 na farko ba magana, waya kuma tana aljihu. Ɗalibai sun fi jin wuyar wannan doka a kan komai, ni kuma ita na fi riƙewa. Dalili shi ne ido malalaci ne: da zarar ya ce "bishiya" sai ya daina kallo, ya miƙa wa hannu wata bishiyar da ya haddace tun firamare, sanda da ƙwallo a kai. Shiru ne ke ba shi damar ganin cewa ɗorawa tana buɗe rassa kamar laima, kaɗanya gajeruwa ce mai tsattsagen ɓawo kamar bayan kada, mangwaro curi ne mai duhu da haske ba ya ratsa shi, giginya kuwa tana da kumburi a tsakiyar jiki. Ka rage sauri, ka ji numfashinka, ka ji inda iska ke bugun ka. Ina sa kowa ya nemo kore iri biyar kafin mu tsaya. Da farko sukan ce kore ai kore ne. Wata yarinya ta taɓa dawowa da ganye tara a tafin hannu, ta jera su bisa dutse daga mai ruwan ɗanyen lemo zuwa wanda ya kusa baƙi, ta ce, "Malam, ashe ban taɓa gani ba." Tun ranar zanenta ya sauya.

Iyaye da yawa suna tambayata hukuncin zane. Ni ba malamin fiƙihu ba ne, amma sananne ne cewa Abdullahi ɗan Abbas, Allah ya yarda da shi, ya shawarci wani mai sana'ar sura da ya riƙa yin bishiyoyi da abin da ba shi da rai. Dutse, itace, rafi da gajimare su ne aikinmu a wannan fita.

Ga abin kiyayewa. Kada a fita ƙasa da mutum uku, kuma a gaya wa na gida inda aka nufa da lokacin dawowa. Kada a yi nisa da gonakin da ake nomawa. Kada ka cusa hannu a kogon dutse ko ƙarƙashin tarin ciyawa, nan ne mazaunin kububuwa da kunama. Da damina a guji kwari in hadari ya taso, ruwan tudu yana sauka ba sallama. Kada kuma ka zauna da littafi kana zane kusa da bariki ko shingen jami'an tsaro, musamman tsakanin Nyanya da Asokoro. Mai gadin wuri ba ya ganin zuciyarka, littafinka yake gani.

Mataki na 2: Ɗibar ƙasa

Kuskuren kowa shi ne ya kwashi ta sama. Ƙasar sama cike take da ruɓaɓɓen ganye da toka da shara, launinta toka-toka ne, kuma tana sa fenti ya yi fumfuna. Ka nemi inda ƙasa ta buɗe cikinta da kanta: bakin kwazazzabo, gefen hanyar da aka yanka, kududdufi, ramin harsashin gini. Ka kankare fuskar da cokali, ka ɗebi ta ciki.

Gwajin yana da sauƙi. Jiƙa yatsa, murza ƙasar, ka goga a farar takarda. In ta bar zane mai kama jiki, da launi a cikinta. In ta yi gurus-gurus ta zube, yashi ne, wuce. Jan da kake gani a marmara tsatsar ƙarfe ce da ke cikin ƙasar, rawayar ma tsatsa ce amma wadda ta riƙe ruwa a jikinta. Farar kuwa yumɓu ne. Cikin cokali biyar na kowace ya ishe ka wata guda. Kowace da ledarta, ka rubuta wuri da rana a jiki, saboda ranar da ka so ƙari ka san inda za ka koma.

Ka nemi izini. A Mararaba fili ya fi komai tsada, wanda ya gan ka durƙushe kana tono a fulotinsa ba zai ɗauka launi kake nema ba. Wani dattijo ya taɓa tare mu da fushi a bakin gonarsa. Na gaishe shi, na ce, "Baba, ka yi haƙuri, laifinmu ne da ba mu yi sallama ba," na nuna masa takardar gwajin. Ya huce, ya kai mu da kansa wani rami da matan ƙauyen ke ɗibar farar ƙasa ta shafen ɗaki. Gbagyi ne masu wannan ƙasa tun kafin a yi Abuja, sun san inda kowace iri take.

Yanzu ga maganar da ba na sassautawa a kanta. Kada ka ɗebi ƙasa ko dutse daga inda ake haƙar ma'adinai, ko juji, ko bayan garejin makanikai da masu gyaran batir. A 2010, a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, gubar darma ta kashe yara sama da 400, saboda ana kawo dutsen zinariya cikin gida ana dakawa ana niƙawa inda yara ke wasa. Darma ba ta da wari, ba ta da ɗanɗanon da zai gargaɗe ka. Jiharmu ta Nasarawa cike take da ramukan haƙa, don haka dutse mai ƙyalli da nauyi fiye da kima, bar shi inda ka gan shi. Tozalin dutse ma kada ka niƙa don neman baƙi, yawancinsa darma ce.

Mataki na 3: Wankewa da tacewa

Farfasa ƙasar a turminta na daban, a waje, da takunkumi, bayan ka yayyafa mata ruwa don kada ƙura ta tashi. Ƙurar dutse in ta shiga huhu ba ta fita. Zuba a bokiti, ƙara ruwa ninki biyar, dama sosai, ka bar ta ta kwana.

Da safe sake damawa, ka ƙirga zuwa 40, sannan ka tsiyaye ruwan saman mai launi ta cikin ƙyalle zuwa bokiti na biyu. Yashi da tsakuwa suna da nauyi, sun riga sun kwanta. Launin da kake nema shi ne lallausan garin da ke yawo a ruwa. Masu gaggawa suna juye bokitin duka, yashi ya bi, fenti ya fito yana cin buroshi yana karce takarda. Masu jinkiri kuma suna barin sa awa guda, launin ya kwanta tare da yashin, su zubar da shi.

Bar bokiti na biyu kwana ɗaya ko biyu. Ruwan sama zai yi garau, ka zubar a hankali. Abin da ya rage kamar gasarar koko, shimfiɗa shi a tayil ya bushe a inuwa.

In kana son ja mai zurfi, ɗebi rabin busasshiyar rawayarka ka zuba a tsohon gwangwani, ka ɗora bisa garwashi a sarari. Kana kallo za ta rine ta koma ja, domin zafi na korar ruwan da ke cikin tsatsar. Abin da ke sa tukunyar yumɓu ta fito ja daga wuta ke nan. Ƙasa ɗaya ta ba ka launi biyu.

Mataki na 4: Ruwan ƙaro

Gari kaɗai ba fenti ba ne, yana bushewa zai kakkaɓe. Ƙaro ne ke manne shi da takarda. Ba sabon ilimi ba ne a wurinmu: kowane almajiri ya san tawada gawayi ce da ƙaro, masu zayyanar allon sauka kuma da shi suke riƙe jansu da rawayarsu. Fentin ruwa mai tsada da ake kawowa daga Ingila ma da ƙaro ake haɗa shi, wanda ake fitarwa daga ƙasashe irin Sudan da Cadi da Nijeriya, mu nan daga Yobe, Borno da Jigawa.

Zaɓi ƙaro mai haske, daka shi, auna murfi ɗaya ka zuba ruwan ɗumi murfi biyu. Kada ka tafasa. Ya kwana, ka tace. A kowane cokali biyar na ruwan ƙaron sa zuma cokali ɗaya, ka jefa kanumfari biyu a kwalbar. Zuma na hana fenti ƙeƙashewa, tana sa ya narke da zarar jiƙaƙƙen buroshi ya taɓa shi. Kanumfari na jinkirta tsami. Da hunturu ƙara zuma kaɗan, da damina rage, in ba haka ba fentin ba zai bushe ba, kiyashi kuma su same shi.

Mataki na 5: Niƙa

Cokali ɗaya na gari a tayil, cokali ɗaya na ruwan ƙaro, gauraya, ka ɗora gindin kwalba kana murzawa a kewaye. Da farko za ka ji ƙaras-ƙaras. Ci gaba, kana tattarowa tsakiya, har ƙarar ta mutu ya koma sumul kamar man shanu. Minti 15 ne mafi ƙaranci, amma yawancin masu koyo a minti uku suke tsayawa.

Ido ba mudu ba ne amma ya san kima, sai dai a nan yatsa ya fi ido. Shafa kaɗan a takarda, ya bushe, ka goga yatsa. In gari ya biyo, ƙara ƙaro. In ya yi ƙyalli yana tsagewa, ƙaro ya yi yawa, ƙara gari. Kowace ƙasa da ƙishirwarta, farar ƙasa da baƙin gawayi sun fi shan ƙaro. In ya daidaita, zuba a murafe su bushe.

Baƙi daga gawayi ko baƙin gindin tukunya. Shuɗi ba ya cikin ƙasarmu, sai ka nemi shuni wurin marina, irin na Ƙofar Mata a Kano, ko ka yi abin da nake yi: bular wanki. Da ƙaro tana ba da shuɗi mai kyau da ba ya dusashewa.

Launin tsirrai yana yaudarar masu koyo. Zoɓo yana sauka a takarda ja wur, kafin mako ya koma toka-toka. Kurkum yana ƙyalli kwana kaɗan rana ta cinye shi. Ruwan ɗanyen ganye ba ya zama kore, ruwan ƙasa yake komawa. Karan dafi da dukawa ke rina fata da shi ya ɗan fi juriya. Bagaruwa da aka jiƙa da ƙusa mai tsatsa tana ba da baƙi mai ƙarfi, amma da daɗewa tana cin takarda. Kada ka ɗauki maganata kawai: shafa kowane launi a takarda, rufe rabi da kwali, manna a taga mako uku, ka buɗe ka gani.

Mataki na 6: Zane a wurin

Koma inda ka ɗebo ƙasar. Zauna a inuwa, rana a gefenka. Ɗaga tagar kwalin ka zagaya da ita har ka sami abu ɗaya da ya riƙe idonka. Mai koyo yana son ya cusa dutse da gari da gona da sama a takarda ɗaya, ya ƙare bai zana komai ba.

Da fensir ja layin da ƙasa ta haɗu da sama, kada ya raba takardar biyu daidai. Sannan ka runtse ido rabi. Ganye da tsakuwa za su ɓace, a bar ka da manyan curi uku: mai haske, matsakaici, mai duhu. Su za ka zana. Wanda ya gane wannan ya gane rabin sana'ar.

Fara da mai haske, domin a fentin ruwa ana iya ƙara duhu amma ba a iya janye shi. Jiƙa wajen sama da ruwa zalla, ka saki bula mai ruwa-ruwa daga ƙoli, tana raguwa yayin da kake saukowa. Sama ba shuɗi ɗaya ba ce, kusa da ƙasa takan yi fari-fari, da hunturu har rawaya-rawaya. Inda kake son fari, bar takardar.

Dutse na nesa ya fi na kusa haske, kuma yana karkata zuwa shuɗi, saboda ƙura da tururin da ke tsakaninku. A Disamba da Janairu hazo na koyar da wannan darasi fiye da kowane malami: tuddai uku a jere, kowane ya fi na gabansa dusashewa. Dutse na kusa kuwa, matse buroshi a tsumma ya kusa bushewa, ka ja shi a kwance, zai bar tabo irin na jikin dutse. Asuwakin da aka tauna yana yin ciyawa fiye da buroshin kanti, alƙalamin kara kuma na ƙananan rassa ne.

Inuwa ba baƙa ba ce. Dubi inuwar mangwaro bisa jar ƙasa da kyau, za ka ga ja ne mai duhu da ɗan shuɗi. Haɗa ja da bula. Kore kuma rawaya da bula, ko rawaya da ɗigon baƙi in kana son koren kaɗanya. Kada ka haɗa fiye da launi uku wuri ɗaya, kada kuma ka koma kan wurin da bai bushe ba kana dirza. Nan ne laka ke fitowa. Da hunturu fenti na bushewa kafin ka juya, don haka dama mai yawa tun farko, ka yi aiki da hanzari. Bayan awa ɗaya da rabi haske ya sauya, inuwa ta matsa. Ajiye buroshi ko ba ka gama ba.

Mataki na 7: In za ka haɗa zaman koyo

Kada su wuce goma. Yara sai da yardar iyaye, 'yan mata da babbar mace a tawaga, a kuma sanar da mai unguwa. Manya ne ke daka da ƙonawa. Ba a lasar buroshi, ba a cin abinci sai an wanke hannu. A ƙarshe a shimfiɗa ayyuka bisa tabarma, mai zanen ya fara faɗin abin da ya gani, sannan sauran su yi magana. Na hana "ya yi kyau" da "bai yi ba", a faɗi inda ido ya fara sauka da dalili.

Zama tare yana da tarihi a wannan sana'a. A 1958 wasu ɗalibai a kwalejin Zariya, wadda ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, cikinsu da Uche Okeke, Demas Nwoko, Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya, suka haɗa ƙungiya suka ce za su ɗauki dabarar Turawa amma su zana abin da ke gabansu da gadon gidajensu. Onobrakpeya kuma tun 1998 yake tara masu zane lokacin hunturu a Agbarha-Otor ta Jihar Delta. Malaman makarantun Mararaba da Masaka da Nyanya, ba ku buƙatar jiran kayan gwamnati kafin ku fara: bokiti biyu, ƙaron naira kaɗan da safiyar Asabar sun isa.

Kai kuma mai koyo, wannan makon kada ka sayi komai sai takarda. Ka fita da abokai biyu, ka dawo da leda uku, ja da rawaya da fara. In ka gama zanen farko, juya bayansa ka rubuta rana da sunan wurin da ƙasar ta fito, ka ajiye shi inda ruwa ba zai taɓa shi ba.